Maganin Da Ba Ya Sauri

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili domin in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni. Na daɗe ina shawara ko in rubuta ko in bari, gama ba irin abin da mutum yake so a san shi da shi ba ne. Amma na tabbata a ɗakunan kwananmu ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji huɗu a wata firamare a nan Gashua. Makon farko lafiya lau. Daga nan sai barci ya ƙaurace mini. Nakan farka wajen ƙarfe uku na dare, gabana yana faɗuwa kamar an aiko mini da labarin rasuwa, alhali kuwa babu abin da ya faru. Abinci ya fita raina. In na tsaya gaban allo sai muryata ta kama rawa, yara 'yan shekara 9 su zame mini kamar alƙalai. Bakin kogi ma, inda muka saba zama da yamma muna kallon masunta, na daina zuwa. Wata biyu ina cikin wannan hali ina cewa zazzaɓi ne, har na sha maganinsa sau biyu a banza.

Da aka yi hutu na tafi gida Nguru. Yayata ta dube ni sau ɗaya, ba ta ce kome ba. Kashegari ta sa ni gaba sai asibitin tarayya. Likita ya daɗe yana yi mini tambayoyi, sa'an nan ya ce, "Samari, ciwon damuwa ne, haɗe da fargaba. Yana da magani. Amma ka ji da kyau: kada ka sa ran ganin amfaninsa kafin mako 2 zuwa 4, cikakken aikinsa kuwa yakan kai mako 6 ko 8." Ya rubuta mini wani magani, sunansa a jikin kwali fluoxetine, guda ɗaya kowace safiya. Na ce to. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba.

Ga dalili. Mu a nan, mudun da muke auna magani da shi kwana uku ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro kwana uku ake shansa, kafin a gama mutum ya miƙe. Na ciwon kai ko sa'a guda ba ya kaiwa. Allura kuwa, tsofaffinmu suna ganin tun kafin a zare ta an sami sauƙi. Saboda haka duk maganin da ya wuce kwana uku bai nuna kansa ba, sai mu ce bai karɓe mu ba, ko mu ce jabu ne. Ni da nake taƙama da ilmin zamani, da wannan mudu na auna.

Abin da ya fi muni, wahalar maganin ita ce ke fara isowa, amfaninsa yana can baya. A rana ta biyu zuciyata ta soma tashi, kaina yana sarawa. A ta huɗu fargabar ta ƙaru, na kasa zama wuri ɗaya, ina ta kai da kawowa a tsakar gida. Kawuna ya ga kwalin ya ce, "Ɗana, yanzu kai ma ƙwaya ka koma sha?" Kun san abin da kalmar nan take nufi a bakin mutane yau. Wani mai kemis kuma ya ce in rabu da wannan, yana da wanda zai sa ni barci a daren nan. Ban saya ba, amma a rana ta 9 na tura kwalin ƙarƙashin katifa na ce na gama.

Bayan mako biyu Yaya tana shara ta same shi. Ta ƙidaya, ta ga saura da yawa. Ta ce, "Haba ƙanena, gero ma da ka shuka, kwana tara ka ba shi ka tone?" Muka koma asibiti ina jin kunya. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce tashin zuciya da rashin natsuwar nan sanannu ne, yawanci sukan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, da na zo na faɗa masa da ya san yadda zai sauƙaƙa mini. Ya ce a koma farko. Na yi lissafi na ga saura mako 7 malamin da zai duba koyarwata ya zo ya ba ni maki. In na faɗi, shekara ta tafi, da kuɗin da Yaya ta tara da ɗinki.

A makarantar mishan da na yi an koya mana rubuta abin da ya faru kowace rana a ɗan littafi. Dā ina ganin wahalar banza ce. Wannan karo ta yi mini rana, gama na shiga rubuta layi biyu kowane dare: sa'a nawa na yi barci, me na ci, da wa na yi magana. Makon farko babu abin kirki a ciki. A na biyu tashin zuciya ya tafi. A na uku na ga na rubuta barcin sa'a 6 har sau huɗu, kuma na cinye tuwo. Amma da an tambaye ni a lokacin, da na rantse babu abin da ya sake, don baƙin cikin yana nan daram. A mako na biyar, bayan mun dawo Gashua, abokin ɗakina ya ce, "Kai, jiya na ji kana waƙa a wurin wanka." Na yi musu. Ya ce shi da kunnensa ya ji. Ashe mai ciwon shi ne na ƙarshen sanin ya soma warkewa. Jiki ne ke fara dawowa, barci da ci da ƙarfi, zuciya ta biyo baya a hankali. Faɗuwar gaba ita ta fi taurin kai, sai wajen mako na 10 ta sake ni sosai. Ran da malamin ya zo muryata ta ɗan yi rawa, amma na kai ƙarshen darasi, na kuwa ci.

Daga baya na nemi sanin dalilin wannan jinkiri. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da waɗansu sinadarai, ɗaya daga ciki sunansa sirotonin. Maganin yana ƙara yawansa a tsakaninsu cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Amma ƙarin ba shi ne warkewa ba. Sai jijiyoyin sun saba da sabon hali sun gyara yadda suke karɓar saƙo, wannan kuwa aikin makonni ne. Ba kuma sabon abu ba ne. Tun 1957, da wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da labarin maganin imipramine, aka san irin waɗannan magunguna da jinkiri. Nawa an fara ba da izinin sayar da shi a Amurka a 1987, shi ma bai fi na dā sauri ba. Amitriptyline, wanda aka fi samu a ƙananan asibitoci, yakan kawo barci da bushewar baki tun daren farko, har mutum ya zaci aikin ke nan, alhali shi ma sai an jira shi.

Kada wani ya ɗauka cewa haƙuri kaɗai ya isa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2006, ya nuna wajen mutum ɗaya cikin uku ne ya warke sarai da maganin farko da aka ba shi. Sauran sai da aka ƙara wani ko aka sauya. Saboda haka in an kai mako 4 babu ko alamar sauƙi, likita za a koma wa, ba ƙarƙashin katifa ba. Ni na yi sa'a na farko ya karɓe ni, kuma hirar da nake yi da likita kowane zuwa ta taimaka ƙwarai.

Akwai wata magana mai nauyi da likita ya faɗa mini a gaban Yaya, dole in faɗa muku, gama yawancinmu ba mu kai shekara 25 ba. A makonnin farko, waɗansu matasa tunanin kashe kai yakan zo musu ko ya ƙaru. Wanda ya ji haka kada ya jira ranar da aka ba shi, ya gaya wa na kusa da shi a kai shi asibiti a ranar. Domin wannan ne na gaya wa abokin ɗakina abin da nake sha, ko da yake faɗar ta yi mini wuya.

Kawu kuwa, na yi masa bayani cewa maganin ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar tiramol. Ya ce to in haka ne, tun da na warke in bari mana. Na ce ba dama. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, don kada ciwon ya dawo, in za a bari kuma a hankali ake ragewa bisa ga umarnin likita. Bai gamsu ba har yanzu, amma ya daina magana.

Yau watana huɗu da jin sauƙi. Kowane ƙarshen wata nakan shiga mota ta Jajimaji zuwa Nguru in ga likita in karɓo na gaba, kuɗin mota da na magani kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Ɗan littafin nan ya cika, na sayi na biyu. Saura wata biyu mu zauna da likita mu yi maganar ragewa.