Faɗi-Ka-Mutu Da Faɗi-Ka-Tashi

Mutanen da sun iya raɗa suna. Sa'ad da suka ga kwanon tangaran, ga kyau ga sheƙi, amma da ya suɓuce daga hannu shi ke nan sai tsintar gutsattsari, sai suka ce masa faɗi-ka-mutu. To, abin da nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarinsa wani ɗan'uwan tangaran ne na ƙarya, wanda in ya faɗi ba ya mutuwa, sai dai ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin gado. Ni na sa masa suna faɗi-ka-tashi. Ya ciyar da ni, ya biya mini kuɗin littattafai, ya kuma taɓa jawo mini kunyar da har yau in na tuna sai in ji zufa ta keto mini.

Asalin abin yajin aikin malaman jami'a ne na shekarar 2022, wanda ya zaunar da mu gida wata takwas cur. Zama ya ishe ni. Kullum daga shara sai wanke-wanke sai latsa waya. Ana nan rannan sai na ci karo da hoton wata mata tana murza wani abu fari kamar ƙullun alkaki, ta huda shi, ta gasa, ta shafa masa launi, sai ga dutsen wuya ya fito shuɗi-shuɗi yana walƙiya kamar an ɓalle shi daga jikin butar shayin Sin. Na ce a raina, in dai hannu ne ya yi wannan, ai ni ma ina da biyu. Na tattara 'yan kuɗin da na tara, na aika Legas aka sayo mini ƙulli huɗu, kowanne gram 57, bai fi girman sabulun wanka ƙarami ba.

Wannan abu ana ce masa yumɓun roba, ko da yake ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin roba ne irin wadda ake yin bututun famfo da ita, watau PVC, aka cuɗa shi da wani mai da ke sa shi laushi, aka zuba launi. Ba ya bushewa a iska kamar yumɓun rafi. Ko kwana nawa ya yi yana nan da taushinsa, sai ya ji zafin wuta sa'an nan garin da man su haɗe su sandare. A Jamus aka fara shi wajen ƙarshen shekarun 1930, a hannun wata mata mai suna Fifi Rehbinder, 'yar Käthe Kruse wadda ta shahara da yin 'yar tsana. A shekarun 1960 kamfanin Eberhard Faber ya sayi sirrin haɗin, ya fito da shi kasuwa da sunan Fimo. Yanzu akwai iri-iri, amma duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mai karatu, kada ka ga aikin a hoto ka ce da sauƙi. Da fari sai ka yi ta murza yumɓun tsakanin tafin hannu har ya yi ɗumi ya saki, in ba haka ba ya dinga tsagewa. Da hunturu tauri yake yi kamar tsohon tuwo, ga ƙura da ke bin fari kamar ƙuda da miki. Da bazara kuma sai ya narke maka a hannu, duk inda yatsa ya taɓa sai ya bar shaida. In ya yi daidai, sai a gutsura a mulmula, a sa allura a huda daga wannan gefe zuwa tsakiya, a juya a huda daga wancan, domin in aka zarce gaba ɗaya bakin hujin kumbura yake yi. Sa'an nan a jera su a jikin waya a rataya, don kada gindinsu ya baje wajen gashi.

Gashin nan shi ne ya fara koya mini hankali. Zafin da ake so tsakanin digiri 110 ne zuwa 135, gwargwadon irin yumɓun, na wajen rabin awa. In bai kai ba, dutsen ya fito da gautsi, ka matsa ya ruguje. In ya zarce sosai, ya ƙone. Ba mu da tanderun lantarki a gida, ko da ma akwai, wutar ba ta da alkawari. Sai na yi dabarar da mata ke yi wajen gasa kek, na zuba yashi a tsohuwar tukunya, na ɗora a kan gas, na rufe. Ban fi minti goma da juya baya ba sai wani hayaƙi mai yaji ya cika ɗakin girki, ido na ƙaiƙayi, maƙogwaro na zafi. Na buɗe na tarar da aikin kwana biyu ya koma gawayi. Innata ta kore ni da tukunyata zuwa bayan gida, ta ce kada in kuma kusantar inda ake dafa abinci, kuma gaskiyarta, domin hayaƙin ƙonanniyar robar nan ba abin shaƙa ba ne. Sai da na sayi ma'aunin zafi na sa cikin tukunyar, na koyi rage wuta har ta koma kamar ta aci-bal-bal, sa'an nan na fara ganin alheri.

Amma duk wannan share fage ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a sa roba ta yi kama da tangaran. Don in gane wannan sai da na zauna na ƙura wa wani tsohon farantin innata ido, na tambayi kaina, wai me ya sa ido ke cewa wannan tangaran ne? Sheƙin tangaran na gaskiya gilashi ne. Ana shafa wa tukunya ruwan garin duwatsu da toka, a sa ta a wutar da ta haura digiri dubu, garin ya narke ya malale. Irin aikin da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, ta koya ke nan a makarantar ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, inda ta shiga a 1954. To, da yake narkakken gilashi ruwa ne, sai ya gangara ya taru a kwari ya yi duhu, a kan tudu kuma ya yi shara-shara har farin jikin ya leƙo. Wannan rashin daidaiton launi shi ne duk sirrin. Ido ba ya ganin wuta, sawun da ta bari yake gani.

Saboda haka dole dutsen ya kasance da tudu da kwari. Nan na tuno da kakata, wadda ta yi shekaru tana ginin tukwane a ƙauye kafin gwiwa ta hana ta. Ina yarinya nakan ga ta ɗauki 'yar igiya murɗaɗɗiya ta mirgina a kafaɗar ɗanyen tulu, sai zane ya fito kamar kitso. Na murɗa zare na gwada a kan yumɓun roba, ya kuwa fito. Na gwada da bakin faifai, da ƙyallen leshi, da totuwar masara. In na gasa karo na farko, sai in ɗauko ruwan yumɓun, wani abu ne mai kauri kamar madara wanda ke komawa garau in ya ji zafi, in kankare allin zane shuɗi ko kore in zuba kaɗan, in dama, in shafa da ɗan buroshi. Da kansa yake gangarawa ya kwanta a kwarin zanen. In goga ɗan launin ƙasa-ƙasa a bakin hujin, kamar inda yumɓu ke leƙowa, in mayar wuta. Ranar da na fara fito da su daidai, na jera a tafin hannu cikin hasken rana, wallahi ni da na yi su sai da na yi shakka.

Da aka koma makaranta na taho da kayana. 'Yan ɗakinmu suka saya, ƙawayensu suka saya, duk sun san roba ce domin a gabansu nake murzawa. Rannan aka yi bikin yayar wata ƙawata a cikin gari, na sa wani abin wuya kore mai zanen igiya. Wata Hajiya mai hali ta kira ni gefe, ta shafa shi, ta ce, "'Yata, wannan tangaran ne ko? Irin na Sin?"

Jama'a, ban ce i ba. Amma ban ce a'a ba. Murmushi na yi na ce, "Hajiya, ai kin gani da idonki." Ta ba ni ninki uku na abin da nake sayarwa, ta ce in cire mata shi nan take. Makon nan kuwa ake rufe rajista, kuɗina bai cika ba. Na karɓa, na biya, na yi ta gaya wa zuciyata cewa ai bakina bai furta ƙarya ba.

Da hutun Salla muka je ƙauye gaida kaka. Na kai mata tsarabar wani abin wuya shuɗi, mafi kyau cikin waɗanda na yi, ina jira in ga ko ita ma zai ruɗe ta. Ta karɓa ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, kishiya, yau kuma da me za a ƙwace mini miji?" Aka yi dariya. Ta auna shi a tafin hannu, sai na ga ta ɗan yamutsa fuska. Sa'an nan ta kai ƙwaya ɗaya bakinta ta ƙwanƙwasa a haƙorinta na gaba. Ta sake ƙwanƙwasawa. Ta ce, "Wannan ai bebe ne."

Na ce, "Bebe kamar yaya, Kaka?"

Ta ce, "Duk abin da ya sha wuta yana magana. Ki ɗauki tulu ki buga masa yatsa, in lafiyayye ne zai amsa miki ƙau, in da tsaga zai amsa a dishe. Wannan bai ce komai ba. Ga shi ba nauyi, ga shi ba sanyi. Da me kika yi shi?"

Na kwashe bayani na yi mata, har da zancen igiyarta. Ta ji daɗin wannan ƙwarai, ta ce ashe ina kallo. Ta ce kwaikwayo ba laifi ba ne. Murjanin da aka sa mata a lefe ma na ƙwalba ne, kowa ya sani, mai sayarwa ya faɗa, mai saye ya ji, aka yi ciniki a kan kuɗin ƙwalba. Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Masu sayen naki fa, kina gaya musu?" Na ce ina gaya musu. Ta ce, "Dukansu?" Na sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, ita duk zamanta a kasuwa ba ta taɓa hana mai saye buga tukunya ba, in kuwa baƙo ne bai san ana bugawa ba, ita take buga masa.

Maganar nan ta hana ni barci. Daga baya na bincika na tarar kaka ta yi gaskiya a kan tarihi ma. Tun ƙarni na 19 masu aikin gilashi na Bohimiya a Turai suke ƙera duwatsun ƙwalba masu kama da murjani da tsakiya suna aikowa Afirka. A Bida kuma, Masaga sun daɗe suna narka tsofaffin kwalabe suna yin duwatsun ado da awarwaro, ba su kuwa ɓoye wa kowa ba. Ashe ba a jikin dutsen algus yake ba. Yana tsakanin abin da mai sayarwa ya sani da abin da ya bar mai saye yana zato. Shirun da na yi a gidan biki ciniki ne, an kuma biya ni kuɗinsa.

Da muka dawo na nemi ƙawata ta raka ni gidan Hajiya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Ranki ya daɗe, abin wuyan nan ba tangaran ba ne, roba ce, ni na yi shi da hannuna, na kuma bar ki kina zaton wani abu." Na so a ce ta yaba mini, amma ba haka aka yi ba. Ranta ya ɓaci sosai, domin ta riga ta gaya wa ƙawayenta daga Sin aka kawo shi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ta ajiye a gabana, ta ce in mayar mata da kuɗinta. Kuɗi kuwa sun riga sun shige aljihun makaranta. Wata uku na yi ina biya kaɗan-kaɗan, duk abin da na sayar sai in kai, ba ta kuma sake sayen ko ɗan kunne a wurina ba.

Yanzu duk wanda ya tsaya a kan kayana, kafin ya tambaya nake cewa, yumɓun roba ne, kwaikwayon tangaran, aikin hannu. Wasu su ajiye su wuce. Wasu kuwa su ce ai gara haka, ba ya nauyi a wuya, ba ya jan kunne, in yaro ya fizge ya faɗi ba asara. Na lura tun da na daina ɓoye asalinsa na fi sakewa wajen aikin, ina haɗa launukan da babu tanderun da zai fitar da su, domin ba ni da wanda nake tsoron ya gane.

Mu ɗalibai duk a kan kwaikwayo muke: salon malam, jimlar littafi, ra'ayin wani. Ba a koyo sai da haka, ni ma igiyar kakata na ara. Abin da nake roƙon 'yan'uwana shi ne, in an zo miƙa aiki, a faɗi na wane ne da kuma da me aka yi shi, tun kafin a haɗu da mai ƙwanƙwasawa a haƙori.

Abin wuyan nan kore yana nan a akwatina, ban sake sa shi a kasuwa ba. Shuɗin kuwa kaka na sawa duk ranar Juma'a, in an tambaye ta ta ce beben kishiyarta ne. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.