Sanyin da Ba Ya Nuna Kansa

Na daɗe ina jin nauyin wannan magana, amma yau dai zan faɗa.

Mu nan Mararaban Rido, mu da iyayenmu suka taso daga Katsina suka kafa shago a bakin hanyar Kachia, kowa ya san kowa. In aka gan ka a layin asibiti da safe, kafin la'asar labari ya kai shagon babanka. Shi ya sa duk abin da ya shafi gaba sai mu ce “sanyi ne”, mu sayi jiƙo a jarka ko ƙwaya biyu a kemis, mu yi shiru.

Yayana ya shekara biyar da aure babu haihuwa. Duk laifin a kan matarsa ya sauka. Har Inna ta fara cewa, “Kai dai ka ƙara aure.” Da suka je asibiti a cikin garin Kaduna, hoto ya nuna bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sun toshe, gwaji kuma ya nuna ƙwayar cutar kilamidiya. Likita ya dubi Yaya ya ce, “Malam, kai ma sai an gwada ka.” Aka gwada, yana da ita. Shi kuwa bai taɓa jin ko ƙaiƙayi ba.

Haka cutar take. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma yawancin masu ita, maza da mata, ba sa ganin wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 129 ne suka kamu da ita a shekarar 2020. A jikin mace takan haura daga bakin mahaifa zuwa bututun, ta kumbura su, ta bar tabo. Tabon nan shi ke hana ciki, ko ya sa cikin ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan iya kai mace lahira. Namiji kuma takan kumbura masa maraina.

Abin takaicin, maganinta ba wuya: doksisaikilin na kwana 7, ko azitromaisin ga mai ciki, bisa umarnin likita. Amma dole miji da mata su sha tare, har kishiya in akwai, a kuma ƙaurace wa juna kwana 7. Maganin yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ta riga ta yi.

Da Yaya ya ƙara auren nan, da wata 'yar mutane ya ƙara jefawa ciki.

An sa ranata bayan Babbar Sallah. Makon jiya na je aka gwada ni. Wani abokin Baba ya gan ni a layi, ya ce, “Yaro, lafiya?” Na ce, “Lafiya lau, Baba, ita na zo nema.”

Allah Ya ba Yaya da matarsa rabo. Sai mun sake haɗuwa.