Inci 14 ko inci 17? Lissafin ɗalibin da zai sayi laftof sau ɗaya

A garuruwanmu, daga Gwarzo zuwa Kabo, ba a saya wa yaro kwamfutar tafi-da-gidanka sau biyu. In ka ga ɗalibi ya goyo laftof a jaka, to wani abu ya fita daga gidansu kafin ta shigo: ko rago, ko buhunan masara da waken suya na kaka, ko adashin da mahaifiya ta yi watanni tana zubi. Shi ya sa tambayar da ƙannenmu 'yan aji biyar da aji shida ke yawan yi mana, wai babba za su saya ko ƙarama, ba ma ɗaukar ta da wasa. Wadda ka ɗauka yau, da ita za ka gama sakandare, da ita za ka yi atisayen JAMB, ƙila ma a kanta za ka rubuta aikin binciken kammala difloma ko digiri.

Mu da ke wannan bayani mun riga ku barin sakandare da 'yan shekaru. Wasunmu na karatun zanen gine-gine, wasu na zama a shagunan da ake tsara katin biki da kalanda da fosta, akwai kuma waɗanda, in za a faɗi gaskiya, ƙwallon kwamfuta ce ta fara jawo su. Mun sha musu a kan girman laftof har a gindin mai shayi, kuma har yau bakinmu bai zo ɗaya a kan komai ba. Amma akwai abubuwan da duk muka yarda da su.

In mai shago ya ce maka inci 14 ce, ba faɗin kwamfutar yake nufi ba. Fuskar ake aunawa a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka inci 14 ya kai kusan santimita 35 da rabi, inci 15.6 kusan santimita 40, inci 17.3 kuwa kusan 44. A kunne bambancin kaɗan ne. To amma ku tuna darasin lissafi: in siffa biyu iri ɗaya ce, filinsu yana ƙaruwa ne gwargwadon tsawon in an ninka shi da kansa. Ku ninka 14 sau 14, ku ninka 15.6 sau 15.6, ku raba. Za ku ga mai 15.6 ta fi mai 14 fili da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai 17.3 kuma ta fi ta da fiye da rabi. Wannan ne ya sa ido ke tafiya kan babbar tun daga bakin shago.

Sai dai girman fuska daban, yawan abin da take iya nunawa daban. Hoton da ke kan fuskar kwamfuta ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera. A kasuwannin Kano, ko a titin Beirut ko a Farm Centre, za ku tarar da masu ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, za ku kuma tarar da masu 1920 da 1080. Ta farkon ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ke gare ta, ta biyun sama da miliyan biyu. Ma'ana, ƙaramar laftof mai inci 14 da ɗigo 1920 za ta nuna maka aikinka fes, ta kuma ɗauki abubuwa da yawa a fuska guda, fiye da babba mai inci 15.6 da ɗigo 1366, wadda kawai za ta kumbura maka rubutu. Kada ku tsaya ga abin da aka faɗa muku da baki. Ku sa a buɗe wurin saitin fuska ku karanta lambobin da idonku. Sannan ku buɗe hoto mai launi, ku ɗan kwantar da murfin baya, ku dawo da shi gaba, ku leƙa ta gefe. In launin ya kode ko ya yi duhu da zarar kun motsa, wannan fuskar ba ta mai zane ba ce. Wanda bai taɓa tsayawa gaban amarya da ƙawayenta ba, sun ce ruwan goro suke so don ya shiga da anko, kati ya fito wani launi daban, ba zai gane nauyin wannan magana ba.

Masu zane a cikinmu sun fi kowa son fili, kuma suna da hujja. In ka buɗe CorelDraw ko Photoshop, kayan aikin manhajar kan cinye gefen hagu da na dama da sama, ɗan tsakiyar ne ke rage maka. Masu AutoCAD, irin ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli da ke nan Gwarzo a ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, suna da ƙarin dalili: yini suke suna buga awo, kuma yawancin masu inci 15.6 na da jerin lambobi na daban a hannun dama, kamar na kalkuleta, abin da masu inci 14 ba su da wurin sa shi. Duk wanda ke da niyyar karatu a can ya sa wannan a lissafinsa. Amma ko su sun yarda cewa in kwamfuta na tsayawa tana tunani a tsakiyar aiki, ba ƙanƙantar fuska ba ce ta jawo. Abin da ke ciki ne. RAM kada ya gaza giga 8, ma'ajiyar kuma ta kasance SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba.

Yanzu ga maganar da ba a son yi a gaban Baba. Da yawan masu cewa sai babba, ba zane ne a ransu ba, gem ne. Mun san wannan don mu ma mun yi zaman gidan gem har a zo kiran mu daga gida. Ba laifi ba ne mutum ya so eFootball ko FC, wanda da ake kira FIFA kafin a sauya masa suna a 2023. Laifin shi ne a ce wa mahaifi don jarrabawa ake son ta. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, gaskiya ne, amma manhajar atisayenta tambaya ce da zaɓi huɗu, kuma ko laftof mafi arha a kasuwa za ta buɗe ta ba tare da ta yi gumi ba.

Laftof ɗin gem ba don ƙawa take da jiki ba. A cikinta akwai wani sashe na musamman mai sarrafa hoto, wanda ke shan wuta sosai, yana kuma fitar da zafi, don haka sai an sa mata fanka babba, wani lokaci biyu, da hanyoyin fitar iska. Ku juya cajarta ku karanta. Ƙaramar laftof ta ofis wat 45 ko 65 take nema. Ta gem kuwa daga wat 150 ne zuwa sama da 200, cajar kaɗai ta kusa girman bulon sabulu biyu. In kuma ka zare ta daga wuta kana wasa, ita da kanta za ta rage ƙarfi, ƙwallon ya riƙa sarƙewa, batirin ma bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. To ɗalibin da ke Getso ko Garo, ko wani ƙauye da ke bayansu, ya tambayi kansa tsakani da Allah: awa nawa ake samun wuta a gidansu a mako? Ƙaramar sola ta gida da ke riƙe ƙwan fitila da cajin waya za ta iya lallaɓa mai wat 45. Waccan kuwa sai janareto, janareto kuma sai fetur. Akwai wani yaro a unguwarmu da yayansa ya aiko masa da irin wannan babbar daga Kano. Kyakkyawa ce, maɓallanta har walƙiya suke da launi-launi. Mafi yawan kwanakinta a shagon mai caji take yin su, a kan kanta, kusa da wayoyin mutane.

Ga kuma yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Fankar da ke zuƙar iska da ƙarfi ita ke zuƙar ƙurar. Mu kuma ba a tebur muka saba aiki ba, a kan katifa ne ko darduma, inda ƙofofin iskar da ke ƙarƙashi ke toshewa. Kowace iri ka saya, ka samo mata ɗan katako ko faranti mai faɗi ka riƙa ɗora ta. In kuma ta gem ce ta hannu, ka sani wanda ya riga ka mallakar ta ba wasiƙa ya riƙa rubutawa da ita ba.

Abin da ya fi sauya ra'ayin yawancinmu shi ne hanya. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, a bi ta yankin Kabo da Rimin Gado, a wuce sabuwar Jami'ar Bayero, a sauka Kabuga. Duk wanda ya shiga motar haya a wannan hanya ya san yadda ake zama: huɗu a baya, biyu a gaba. Ba za ka yarda a jefa jakarka a but tare da buhuna da kaji ba, don haka a cinya za ka rungume ta, gwiwar wani na danna ta, kujerar gaba na tokare ta. Murfin da ya fi faɗi ya fi saurin lanƙwasa in an matse shi, kuma da haka fuska ke tsagewa. Mai inci 14 nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne. Babbar ta gem, in ka haɗa da cajarta, takan wuce kilo 3, kafin ka sa littafin Fiziks da na Kemistiri. Ka hau acaɓa da wannan, ko ka taka daga tasha zuwa makaranta da rana tsaka, sau biyar a mako.

Ƙannenmu mata ma sun fi mu gane wannan. Ƙaramar takan shige jakar makaranta ta yau da kullum, a rufe da hijabi, ba wanda ya san me aka ɗauko. Babbar sai an saya mata jakarta ta musamman, wadda tun daga nesa take shela. A birnin da ake fama da masu ƙwacen waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ce tunda haka ne a gangara can ƙasa. Siraran nan masu inci 13 da ƙasa da haka suna da daɗin ɗauka, amma da yawansu an manne RAM ɗinsu a jikin allon ciki, ba a iya ƙarawa in buƙata ta ƙaru. Masu inci 14 da 15.6 su suka fi yawa a hannun mutane, shi ya sa fuskarsu da batirinsu da maɓallansu suka fi sauƙin samu wajen masu gyara.

In ra'ayinmu kuke so, ga mafi yawanku inci 14 mai ɗigo 1920 ta wadatar. Ranar da kuke son fili, akwai talabijin a falo: wayar HDMI guda za ta mayar da shi fuskar kwamfutarku, ku buga ƙwallonku ku more. Launin talabijin dai ba abin dogaro ba ne wajen aikin kati, ku duba launi a kan laftof ɗin. Ku ƙara da linzami na hannu, don ba a zanen kirki da ɗan yatsa a kan faifan shafawa. Mai zanen gine-gine da gidansu ke kusa da makaranta, ya ɗauki 15.6 ba mu ce komai ba. Inci 17 kuwa, in dai a tebur za ta zauna ba ta fita, gara ka sayi kwamfutar tebur, ta fi arha a kan ƙarfi ɗaya, ta kuma fi sauƙin gyara.

Ranar sayen, kada sunan Core i7 ya ruɗe ku, ku nemi cikakkiyar lambar. In an rubuta i5-6300U, lambar farko bayan karan tana nufin zubi na 6 ne, i5-8350U kuma zubi na 8. Wannan na da muhimmanci yanzu, domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel take farawa. Ku je da babba wanda ya san kan abin. Ku sa a zare caja, ku kunna bidiyo na minti ashirin ku ga kashi nawa batirin ya sauka. Ku danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ku karɓi rasit da aka rubuta kwanakin da za ku iya dawo da ita in ta nuna matsala. Sannan ku tafi da jakar makarantarku, da littattafan ranar Litinin a ciki, ku nemi izinin mai shago ku sa laftof ɗin da cajarta, ku zuge zif, ku goya ku ji.