Abin Da Na Gani A Tarkwa, Bakin Tekun Ikko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da ma'aikata labarin wata tafiya da na yi zuwa Ikko cikin watan Disamba na 2019. Na daɗe ina riƙe da labarin nan a ciki, don akwai abin kunya gare ni a cikinsa. Amma ga damina ta kama, kududdufan garinmu sun fara cika, na ga shirun nan ba shi da amfani.

Ni mutumin Batagarawa ne, nan kudu da birnin Katsina kaɗan. Shekara 33 na yi ina koyarwa a makarantun firamare kafin in huta. Babban ruwan da na saba gani shi ne madatsar Ajiwa, ita ma daga nesa nake gaishe ta. Dalili kuwa, ina ɗan shekara 11 ƙanena ya nutse a kududdufin bayan gidanmu, inda ake haƙar ƙasar gini. Ina tsaye a baki ina kuka, maza sun taru, ba wanda ya iya shiga, sai dogon itace aka yi ta miƙawa har ya daina motsi. Aka ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Tun daga ran nan na ƙulla gaba da ruwa. Da na zama malami, duk yaron da aka kawo mini ƙara an gan shi a kududdufi, bulala shida ce, ba roƙo, ba ceto. A ganina taimakonsa nake yi.

To, ɗan ƙanwata da ke sayar da albasa a Ikko aka yi wa haihuwa, ya matsa lalle in zo suna. Na ɗauki autana, yaro ɗan shekara 13, muka yi kwana da wuni a mota, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Da aka watse daga suna sai ya ce, "Kawu, ai ba ka koma Katsina ba ka ga teku ba, mutane sa yi mini dariya." Na ce na gan ta a hoto, ya ishe ni. Auta ya sa mini ido, bai ce kome ba. Wanda ya haifa ya san irin kallon nan. Na ce to, mu je.

Wurin da ya kai mu sunansa Tarkwa, yana bakin mashigar jiragen ruwa ta Ikko. Tsibiri ake kiransa, gama ba hanyar mota, sai ta ruwa. Daga Marina muka shiga kwalekwale mai inji, aka ba kowa wata riga mai hana nutsewa, na ɗaure tawa tamau har numfashi na yi mini wuya. Tafiyar ba ta fi ta minti 20 ba, amma ban bar addu'a ko guda da na sani ban karanta ba. Muna tafe manyan jiragen kaya masu zuwa Apapa suna wuce mu, kowanne ya fi Gobarau tsawo nesa ba kusa ba, in ya wuce sai kwalekwalenmu ya yi ta rawa kamar ƙwarya a tafki.

Wurin kansa ɗan ƙarami ne: rairayi mai laushi, itatuwan kwakwa, rumfunan haya, da mata masu soya kifi. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne wata doguwar ganuwa ta manyan duwatsu da ta miƙe cikin teku. Ba halitta ba ce, aikin hannu ne. Turawa suka fara jera ta kafin yaƙin 1914, da duwatsun da jirgin ƙasa ya kwaso daga wajen Abeokuta, don yashi ya daina toshe bakin mashiga manyan jirage su sami shiga. Yashin gaɓar nan kuwa daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Da ganuwa ta tare shi sai ya taru a wannan gefe, can ƙetare kuma teku ta shiga cin gaɓar da ake kira Bar Beach shekara da shekaru, har daga baya aka cike wurin da yashi aka kafa sabuwar unguwa, Eko Atlantic. Watau an gyara wa jirgi hanya, an ba wani rairayi, an ƙwace na wani.

Gindin ganuwar nan ne na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Yara ne wajen goma sha, baƙaƙe wuluk kamar namu, 'ya'yan masunta da masu kwalekwale, kowanne da allo. Na ce allo don ban sami sunan da ya fi shi ba, amma ya fi na makaranta nesa, wani ma ya fi mai shi tsawo. Na ɗaga guda na ji ba nauyi, sai ka ce da totuwar kara aka yi cikinsa. Ana goga masa kaki a sama don kada ƙafa ta zame, da igiya a gindinsa wadda yaro ke ɗaurewa a idon sawu. Sai yaro ya kwanta rubda ciki a kai, ya yi ta tuƙi da hannu har ya yi nisa, kāna ya zauna ya juya wa gaɓa baya yana duban teku. Raƙuman ruwa suna zuwa, yana ƙyale su, ɗaya, biyu, uku. Can sai ka ga ya juya, ya yi tuƙi da sauri, raƙumin ya ɗaga shi, ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya taho a guje yana karkata hagu da dama, kumfa na binsa a baya. Jama'a, na ga sukuwa a hawan sallar Katsina tun ina yaro, ban ga mahayin da ya fi yaran nan zama daram ba, alhali dokinsu ba linzami, ba likkafa. Suka ce ma wannan ba kome ba ne, in zo da damina in ga manya. Dalilin da wurin ya yi suna kuwa, in ruwa ya bugi ganuwar sai ya dawo ya gamu da na bayansa, su haɗu su yi tozo guda mai tsini. Har Turawa na zuwa dominsa.

Da farko na ɗauka wasan Turawa ne yaran suka ara. Lalle mutanen tsibiran Hawai ne suka yi suna da shi, har aka shigar da shi wasannin Olamfik da aka yi a Tokiyo a 2021. Amma daga baya na karanta cewa tun a 1834 wani Bature, James Alexander, ya ga yaran Akara ta ƙasar Gana suna shiga teku da 'yan katakai a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran raƙumin ruwa ya kawo su gaɓa. Ashe abin na gida ne.

Yanzu ga abin kunyar. Muka ɗauki ɗaya daga cikin yaran, ɗan shekara kamar 15, ya zaga da mu bayan ganuwa, wajen wata tsohuwar hasumiya mai fitilar jirage. Can teku ce sosai, ba abin da ya tare ta, rurinta kamar hadari. Yaron ya yi wata magana da Turancinsu na Ikko yana nuna ruwa, ɗan ƙanwata ya ce wai kada kowa ya shiga. Na ce wannan ai ba sai an gaya mana ba. Muka zauna muna cin kifi. Auta ya ce zai wanke ƙafa. Na duba na zaɓar masa wuri da kaina, inda na ga ruwan ya kwanta lumui ba kumfa, na ce ya tsaya nan, kada ya wuce gwiwa.

Ban gama cire ƙayar kifi ba na ji ihu. Na ɗaga kai, sai ga auta ruwa ya kai masa wuya, yana tafiya baya-baya kamar ana jansa da igiya. Na tashi a guje, na kai bakin ruwa, ƙafata ta ƙi. Shekara 50 bayan ƙanena, ga ni tsaye wuri ɗaya, hannu biyu a ka. Yaron nan kuwa bai yi ihu ba. Ya suri allonsa, ya faɗa daidai inda ruwan ya ja auta, ya bar ruwan ya kai shi. Da ya cim masa bai kama shi da hannu ba, allon ya tura masa ya rungume. Sa'an nan maimakon ya nufo mu kai tsaye, sai ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har suka shiga inda raƙuma ke fashewa, su kuwa suka turo su waje. Auta ya amayar da ruwan gishiri, ya yi kuka, ya tashi da ƙafarsa.

Da hankali ya komo na sa aka tambayi yaron abin da ya ja shi. Ina jiran in ji an ce aljani. Sai ya tsuguna ya zana mini a rairayi da yatsa, yadda nake yi wa 'yan aji uku a allo. Ya ce duk ruwan da raƙuma suka jibge a gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa kwari ya bi da ƙarfi. Kan kwarin nan ruwa ya fi duhu, ba kumfa, shi ya sa baƙo ke zaɓensa. Wanda ya ja shi kada ya yi kokawa da shi, ko gwani ne zai gaji. Ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, gama kwarin ba shi da faɗi. Su da kansu shi suke bi in za su fita, kamar hanyar mota. Ya ce, "Baba, wurin da ka zaɓa ya fi ko'ina mugunta." Na ce wa ya koya masa? Ya ce yayyensa, tun yana ɗan shekara 5, kuma ba a barin ƙarami ya shiga sai da babba a kusa. Na ba shi abin da ke aljihuna, ya karɓi rabi.

A mota muna komowa na yi ta lissafin bulalan da na yi cikin shekara 33. Ban hana ko yaro guda zuwa kududdufi ba, na dai koya musu su tafi a ɓoye, inda ba babba. Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a saki yara cikin kududdufi ba, ruwa ne mai ƙazanta, ga tsargiya, ga laka mai riƙe ƙafa, ga ramukan maginan da ba a gani. Amma tsakanin saki da bulala akwai koyarwa, ita ce ban taɓa gwadawa ba, don ni ma ban iya ba, kuma girman kai ya hana ni faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, yara da samari kuwa suna da yawa a ciki. Malamanmu sun fi ni sanin abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, na umurnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Dokin mun riƙe. Kuma ba a ce Bahaushe bai san ruwa ba. Wanda ya je Argungu ya ga Kabawa, ko ya ga Sarkawan Yawuri, ya san ba haka ba ne. Mu na tudu ne muka mai da jahilcinmu aljani.

Na so in aika wa yaron nan da ɗan abin kirki in na isa gida. Ban samu ba. Ran 21 ga Janairu 2020, wata guda bayan zuwanmu, sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa, dubban mutane, aka rushe gidaje. Hukuma ta ce ana fasa bututun mai da ya bi ta wurin ana sata. Ba ni da ilmin da zan yanke hukunci a kan wannan, kuma satar mai ba ƙaramar ɓarna ba ce. Iyaka dai na san yaro guda a cikinsu wanda ba bututu ya sa a gaba ba. Ɗan ƙanwata ya koma sau biyu da saƙona, ya tarar masu hawan allo sun dawo gindin ganuwa, amma bai gan shi ba.

Bara na sami wani masunci a Ajiwa, muka shirya yana koya wa auta da jikokina uku iyo ran Asabar, a wuri marar zurfi da ya zaɓa, da jarka a ɗaure a ƙirji, shi yana tsaye cikin ruwa. Auta yanzu ya iya sosai. Ni ma na shiga, ina da shekara 66, da wando da singileti, tsofaffin almajiraina masu wucewa da babur suna tsayawa su gaishe ni suna danne dariya. Har yanzu ban wuce in kwanta a kan ruwa in ƙirga ashirin ba.

In akwai mai karanta jaridar nan a Ikko da ke zuwa Tarkwa, ina roƙonsa ya tambaya mini wani saurayi, yanzu zai kai shekara 20 da 'yan kai, mai tabo a haɓa, wanda ya taɓa fid da ɗan wani tsoho Bakatsine a bayan hasumiya. A gaya masa sauran rabin kuɗinsa yana nan wurina.

Haza wassalam.

Naka,
Tsohon Malami,
Batagarawa, Katsina.