Katangun da Aka Shafe a Khartum

Ranar 6 ga Afrilu, 2019, dubban 'yan Sudan suka fara zaman dirshan a ƙofar hedikwatar sojoji da ke Khartum. Bayan kwana biyar aka tumɓuke Umar al-Bashir, wanda ya kusa shekara 30 bisa mulki, amma jama'a suka ƙi watsewa, domin mulkin farar hula suke nema. Matasa suka ɗauko fenti, suka mai da katangun wurin tamkar allo: nan an rubuta 'yanci da zaman lafiya da adalci, can an zana fuskokin waɗanda aka kashe. Abin da gidan rediyon gwamnati ya ƙi faɗa, bango ya faɗe shi.

Ranar 3 ga Yuni, gab da ƙaramar salla, jami'an tsaro suka tarwatsa taron. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe fiye da mutum 100. Daga baya aka bi zanen da yawa da fenti, aka rufe.

A nan ɗalibin Hausa zai lura da kalmomi biyu masu tushe ɗaya. Mai zane yakan shafa launi don a gani, mai iko kuwa yakan shafe don a manta. Wasali ɗaya ne ya raba su, fentin ma ɗaya ne.

Mai zane Assil Diab ta riƙa zuwa gidajen mamatan, tana zana fuskokinsu a katangar iyayensu. Wanda zai shafe wannan, sai ya tsaya a ƙofar mahaifiya.