Cinikin Biri a Sama

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa har Bichi da Dambatta, inda gona take jingine da gona, ba ka tafiyar minti goma ba ka ji carar zakaran wani gida ba, ba a saba sayen abu ido rufe ba. Mai sayen gero sai ya cusa hannu can cikin buhu ya damƙo, ya murza, ya hure, ya gani da idonsa. Mai gyaɗa da kanta za ta ce maka, "Malam, ɗanɗana mana." Wanda ya je kasuwar Dambatta ranar Lahadi neman san huɗa kuwa, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, a tafiyar da shi ya ga takunsa. In ma an kai gida aka ɗaura garma sa ya kwanta a kunya, ai dillali ya san ƙofar gidan mai shi.

Malaman zaure ma sun san da wannan. A babin ciniki na littafin Mukhtasar an yarda mutum ya saya bisa zaɓi: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana 3, in bai gamsu ba ya mayar. Haka in aka tarar da aibin da aka ɓoye. Da wannan tarbiyya muka tashi, sai ga wayar salula ta zo mana da kasuwar da ba ta da rumfa, ba ta da dillali.

Ɗan yayana ne ya sa na shiga bincike. Yaron zai zauna jarrabawar JAMB, ya sayar da tiya biyu ta waken da ya noma a gayaunarsa, ya biya kuɗin wata manhaja ta gwajin tambayoyi. Aka turo masa lambar buɗewa, manhaja ta ce wayarsa ta yi mata ƙanƙanta. Ya kira lambar da ke jiki har katinsa ya ƙare. Uwarsa ta tambaye ni, "To Baffansu, ina ne shagon, a mayar musu da kayansu?" Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Da can kasuwar manhajojin Android tana ba mai saye awa 24 ya mayar, a ƙarshen 2010 Google ya rage zuwa minti 15, sai a 2014 ya ɗaga zuwa awa 2. A 2011 hukumar birnin Taipei ta ƙasar Taiwan ta ce dole a ba mutanenta kwana 7 kamar yadda dokarsu ta tanada. Apple ya bi, Google ya ƙi, aka ci shi tara, shi kuma ya dakatar da sayar da manhajoji a ƙasar na wani lokaci.

To amma mu dubi awa biyun nan da idon mutumin ƙauye. Wayarsa tana wurin mai caji a bakin titi, sabis sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata kuka da kowa ya sani, data kuwa ta naira ɗari biyu ce. Kafin manhaja ta gama sauka awa biyu sun wuce. Kuma wannan dama ta wanda ya biya a cikin kasuwar ce da katin banki. Mutanenmu galibi tura kuɗi suke yi ta wurin mai POS zuwa asusun wani da ba su taɓa gani ba, kamar yadda yaron nan ya yi. Nan kam babu awa biyu, babu minti ɗaya. Shi ya sa ni a ganina ɗanɗano ya fi mana amfani nesa ba kusa ba. A bar mutum ya sauke, ya ga ta buɗe a wayarsa, ya gwada kwana biyu ko uku, sannan a ce ya kawo kuɗi.

Na san masu karatun littattafanmu za su ce ai mu tuni muke da wannan. Gaskiya ne. A zamanin littattafan takarda, na ɗaya shi ne ɗanɗano: ka karɓo haya ko aro, in ya yi maka ka nemi na biyu da na uku. Yanzu marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, inda labari ya ɗau zafi sai ta ce daga nan sai an biya. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan; ita ma da data take rubutu, da dare bayan yara sun yi barci. Kuma a nan ba na goyon bayan mayar da kuɗi don kawai labari bai yi wa mutum daɗi ba. Littafi ba sa ba ne, wanda ya karanta ya riga ya cinye. Amazon ma da yake ba da kwana 7 a mayar da littafin Kindle, marubuta sun yi ta kuka a 2022 cewa ana karancewa tas a mayar, har kamfanin ya taƙaita mayarwar kai tsaye ga wanda bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba.

Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne aibi. Matan gidanmu sun haɗa kuɗin ƙuli-ƙuli da na saƙar hula sun biya wani littafi, aka sa ɗayarsu a zauren masu biya, ita take karanta wa sauran bayan sallar isha'i. Labari ya kai tsakiya, amarya tana cikin mota, marubuciya ta yi shiru. Wata uku ke nan sai ga ta da tallar sabon littafi. Wannan ba rashin daɗin labari ba ne, rabin buhu aka auna aka karɓi kuɗin cikakke. Manhajar da ta ƙi buɗewa da littafin da aka bari a hanya duk hukuncinsu ɗaya a wurina: a cika, ko a mayar da kuɗi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato ita kanta kasuwar tana iya tashi. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Ina da tsofaffin littattafai a adakar mahaifiyata da gara ta ci gefensu, amma har yau suna buɗuwa.

Yaron dai da wayar wani abokinsa ya ƙarasa shirin jarrabawa, suna karɓa-karɓa, shi yammaci, mai waya dare. Matan gida kuwa sun yanke shawara a tsakaninsu: ba su ƙara biyan littafi sai wanda aka tabbatar musu an rubuta "Tammat" a ƙarshensa.