Fiyanon da Ya Koma Kantar Shayi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, ta mayar da tsohon fiyano 'yar mashayar cikin gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kayan kiɗan da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a birnin Fulorens na Italiya wajajen shekarar 1700 ya cika gidaje a farkon ƙarni na 20, yanzu kuwa da yawansu sun tsufa, kuɗin gyaransu ya fi kuɗin sayensu, ga nauyi mai wuyar ɗauka. Sai a ƙwaƙule cikinsa, a jera kwalabe da kofuna a inda tsirkiyoyi suke a da.

Ban zaci wannan lamari zai iso Limawa ba, sai da wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, ya yanke shawarar yin irin haka da fiyanon da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa. Hunturun shekaru masu yawa ya tsattsaga allon da ke ƙara masa amo, gara ta taɓa ƙafafunsa, ya kuma nemi mai saita shi bai samu ba. Barasa dai ba ta cikin lissafi, a gidan Musulmi kuma a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000. Kantar shayi ya nufa, inda butoci da kofuna da farantin dabinon Dutse za su zauna don baƙi.

Aikin ya fi yadda ake zato haɗari. Fiyano yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, waɗanda ɗaurinsu gaba ɗaya ke jan nauyin da ya kusa tan 20. Wanda ya datse su a ɗaure zai iya rasa ido. Kafinta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sassautawa, sannan ya cire 'yan gudumomin da ke bugunsu, ya kafa katakai biyu, ya bar maɓallan a matsayin ado. Da aka gama, abin ya yi kyau, amma na ji wani nauyi a zuciyata da na danna maɓalli ban ji komai ba.

Bahaushe bai san zubar da kaya ba. Ƙwarya in ta fashe sakaina ce, tsohon turmi abin zama ne, tsohuwar riga tsumma. Sai dai akwai iyaka. Babu wanda zai mayar da tamburan fadar Sarkin Dutse teburi, ko da fatarsu ta yage, domin akwai masu kiɗansu da lokutan kiɗansu, akwai kuma masu jin abin da suke faɗa. Fiyanon malam bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun kafin kafinta ya taɓa shi ya mutu, ranar da aka rasa mai buga shi.

Wannan ne ya tayar mini da hankali. Yau idan matashi ya ce fiyano, na'urar Yamaha mai aiki da lantarki yake nufi, wadda ta mamaye waƙoƙin fina-finan Kano tun ƙarshen shekarun 1990, tana kwaikwayon kalangu da sarewa ba tare da makaɗi ba. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Tuni na fara ganin kalangu da garaya rataye a bangon otal-otal da falukan masu hali, tsaf-tsaf, ba mai taɓa su. Tsakaninsu da kantar shayin malam tazarar kaɗan ce.

Ba na ganin laifin wanda ya ceci katako daga wuta. Abin da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin Hausa, shi ne mu riga kafinta isa. Mu naɗi amon kayan, mu rubuta yadda ake ɗaure su da sunayen kiɗe-kiɗensu, mu kuma samar wa dattijan da ke raye almajirai tun suna da ƙarfin koyarwa.